Tubalin Da Ya Faɗo Daga Kan Soro

Ina ɗan shekara goma sha biyu na fara ganin fim ɗin nan da a ke kira Ben-Hur. Lokacin Ista ne, ran Jumma'a da dare. Wani dattijon ekklesiyarmu ya kawo talabijin da bidiyo daga gidansa, aka ɗora bisa tebur a ƙofar majami'a, aka ta da janareta can bayan ɗakin ajiya domin kada ƙararsa ta dame mu. Mu yara muna ƙasa bisa tabarmi, iyayenmu mata a benci, maza kuwa a tsaye can baya, wai su ba kallo ya kawo su ba. Turancin fim ɗin ba mu jin ko kashi ɗaya cikin goma. Wani ɗan sakandare ne ya ke ta fassara mana, inda bai gane ba ya cika da nasa.

Abin da na riƙe daga daren nan shi ne tseren karusai. Dawaki huɗu farare, dawaki huɗu baƙaƙe, ƙura ta tashi, mugu ya faɗi, dawaki suka bi ta kansa. Muka yi ihu har wata tsohuwa ta daka mana tsawa, ta ce ashe mun manta ranar da mu ke ciki. Da tseren ya ƙare, rabin jama'a suka naɗe tabarmi suka tafi gida, gama a wurinsu labari ya ƙare. Ni ban tafi ba, amma barci ya kwashe ni. Ashe da sauran fiye da rabin sa'a a gaba, ban kuwa ga wannan sauran ba sai da na zama malami.

Domin waɗanda ba su taɓa gani ba, ga yadda abin ya ke. A shekara ta 1959 aka yi fim ɗin a ƙarƙashin wani mai suna William Wyler, daga littafin da Lew Wallace, wani tsohon janar na Amurka, ya buga a 1880. Tsawonsa sa'a uku da rabi ne, ya kuma ci lambar yabo ta Oska har 11. Charlton Heston ne ya fito a matsayin Yahuda Ben-Hur, ɗan babban gida a Urushalima a zamanin da Romawa ke mulkin ƙasar. Yana da aboki tun na ƙuruciya, Baroma, sunansa Messala, wanda ya tafi Roma ya komo da babban muƙamin soja. Messala ya nemi Yahuda ya ba shi sunayen mutanensa da ke ƙin mulkin Roma. Yahuda ya ƙi. Daga nan zumunci ya lalace.

Ran da sabon gwamna ya shigo gari, Yahuda da ƙanwarsa Tirza suna kan soro suna kallo. Yarinyar ta jingina da bakin soron, sai tubali ya zame ya faɗo, dokin gwamna ya firgita ya ka da shi. Nan take soja suka cika gida. To, ya mai karatu, a nan ne na ke so ka tsaya da ni. Bayan an kama mutanen gidan, Messala da kansa ya hau soron nan shi kaɗai, ya taɓa wurin, ya ga tubalan sun saki, ko yaro ya dafa za su faɗi. Watau ya sani tsautsayi ne. Ya sauko da saninsa, bai faɗa wa kowa ba. Ya aika da Yahuda bauta cikin jirgin ruwa na yaƙi, ya jefa uwarsa da ƙanwarsa a kurkuku. Dalilinsa kuwa bai ɓoye ba: idan gari ya ga bai ƙyale abokinsa ba, kowa zai shiga taitayinsa.

Shekara da shekaru ina nuna wa ɗalibai wannan fim ran Asabar da dare, gama a makarantar kwana da na fara koyarwa ni aka danƙa wa wannan aiki. Kowace shekara idan aka zo wurin nan na soro sai in ji yara suna tsaki suna cewa, "Kai, wannan mutum azzalumi ne!" Ni ma ina gyaɗa kai. Ban taɓa ganin wanda ya kalli Ben-Hur ya ce shi ne Messala ba. Dukanmu Yahuda ne. Kowa yana da nasa jirgin da aka ɗaure shi a ciki, da nasa abokin da ya ci amanarsa.

Tsofaffin finafinan nan sun san wannan hali namu, da shi su ke kama mu. Su kan fara da zalunci mai ciwo, su bar shi ya daɗe har ranka ya ɓaci, kāna su ba ka wanda zai tayar. Dubi Spartacus, wanda aka yi a 1960, Kirk Douglas ya fito a ciki. Tushensa labarin gaskiya ne: tawayen bayi a Italiya daga shekara ta 73 zuwa ta 71 kafin haihuwar Ubangijinmu, wanda ya ƙare da giciye mutum wajen 6,000 a bakin hanyar da ta tashi daga Kafuwa zuwa Roma. Cikin fim ɗin, abin da ya kunna wutar tawayen ba jawabi ba ne. Wani bawa baƙar fata, Draba, aka sa shi faɗa da Spartacus domin manyan baƙi su sha kallo. Ya ka da shi, aka ce ya kashe, sai ya ƙi, ya juya mashinsa wajen masu kallon, aka kashe shi nan take. A ƙarshe kuma, da aka ci bayin da yaƙi, aka yi musu alkawarin rai idan sun nuna shugabansu. Kafin ya buɗe baki, sai wannan ya miƙe ya ce shi ne, wancan ya miƙe ya ce shi ne, har duka fili ya miƙe.

Wanda ya rubuta wannan wuri, Dalton Trumbo, ya san abin da ya ke faɗi. A 1947 wani kwamitin majalisar Amurka da ke farautar 'yan kwaminis ya kira shi, ya ƙi amsa tambayoyinsu, a 1950 aka ɗaure shi, bayan ya fito kuma ya yi shekaru yana rubutu da sunayen aro, gama an hana a ba shi aiki. Ba ina yabon siyasarsa ba ne. Ina cewa dai mutumin ya ɗanɗana abin da ya rubuta.

Iyayenmu kuwa nasu fim ɗin Mother India ne, na 1957, wanda gidajen silima na arewa suka yi ta maimaitawa shekara da shekaru. Mahaifiyata ba ta jin Indiyanci ko kalma ɗaya, amma ta kan ba da labarinsa daga fari har ƙarshe sai ka ce a ƙauyenmu aka yi. Dalili kuwa a fili ya ke. An ci bashin rufi 500 wurin mai ba da rance da ruwa domin a yi biki. Mutanen gidan ba su iya karatu ba, abin da aka rubuta a littafin bashi ya bambanta da abin da aka faɗa da baki, sai ga kashi uku cikin huɗu na amfanin gona yana tafiya rumbun mai kuɗi kowace kaka, bashi kuwa bai ragu ba. Wane manomi ne a ƙasarmu zai ce sai an fassara masa wannan? Ɗan matar, Birju, ya tashi da wannan ƙullin a zuci, ya zama ɗan fashi, ya komo ya kashe mai rancen, ya ɗauke 'yarsa ran bikinta. Uwarsa da kanta ta ɗauki bindiga ta harbe shi, gama ta riga ta yi alkawari ba za a taɓa mutuncin 'yar garin ba. Mahaifiyata ta kan yi shiru idan ta kawo nan. Ba ta taɓa cewa Birju ya yi daidai ba, ba ta kuwa taɓa zaginsa ba.

Yanzu bari in faɗi abin da ya sa na ɗauki alƙalami.

Shekara goma sha biyu ke nan, ina malamin da ke kan aikin mako, ɗalibai suka ƙi cin abinci. Gaskiya kuwa suna da hujja: waken da a ke dafa musu ƙwari sun cinye shi, kunun safe ya zama ruwa tsululu. Mako biyu kafin wannan, shugaban ɗalibai mai kula da ɗakin cin abinci ya rubuta takardar kuka zuwa ga hukumar makaranta. Na ga takardar. Da ladabi ya rubuta ta, har da gaisuwa da addu'a. Ba a amsa ba. Ran da abin ya fashe, yara suka taru gaban ofis suna buga kwanuka. Can sai wani ya yi jifa, dutse ya fasa gilashin motar wani babba da ya zo ziyara, ya kuma yanki direban a goshi.

Sa'ad da aka yi jifan nan, yaron da ya rubuta takardar yana tare da ni a bakin tankin ruwa, nesa da ofis. Ni na kira shi, na ce ya taimake ni mu mai da 'yan aji ɗaya ɗakin kwana kada a tattake su. Muna tsaye tare muka ji ƙarar gilashi. Har ya dube ni ya ce, "Malam, sun ɓata mana magana."

Kashegari aka tara makaranta duka, aka ce wanda ya yi jifa ya fito. Ba wanda ya motsa. Aka ce to, wanda ya rubuta takarda ya fito. Ya fito, ya tsaya shi kaɗai a tsakiyar fili. Cikin wannan zangon karatu na nuna musu Spartacus, sun kuwa tafa har da tsalle a wurin nan da kowa ya miƙe. Ran nan ba wanda ya miƙe. Ba na ganin laifin yara, gama jarrabawa ta matso, kowa yana tuna kuɗin da iyayensa suka biya. Amma akwai babba guda a filin nan wanda ya san inda yaron ya ke sa'ad da dutse ya tashi.

A zaman kwamitin horo aka ce dole a yi misali da wani, in ba haka ba gobe sai su ƙone makaranta. Aka ce mai takarda shi ne mai zuga, mai zuga kuwa shi ne mai jifa ko da ba hannunsa ya ɗauki dutsen ba. Aka juyo wurina aka ce, "Malam, kai ne ke kan aiki, kana da abin faɗi?" A lokacin ana shirin ba ni gida a cikin makaranta, uwargida kuma tana da ciki wata bakwai, muna zaune a ɗaki guda na haya. Na ce hargitsi ya yi yawa, ban iya tantance kowa ba. Aka miƙo takarda, na sa hannu a layi na huɗu. Aka kore shi saura wata uku ya rubuta jarrabawar gama sakandare. Da ya ɗauko akwatinsa ya bi ta gaban ɗakin malamai, ya rusuna ya ce, "Malam, sai wata rana." Na ce, "Allah ya kiyaye hanya." Na sami gidan. Mai ɗaki biyu ne da falo.

Ista ta zagayo, na sa wa yara Ben-Hur kamar kullum. Da Messala ya hau soro ya taɓa tubalin nan, sai na ji kamar an zuba mini ruwan sanyi. Na fita waje na tsaya wurin janareta har aka gama. Daga shekarar nan na ce aiki ya yi mini yawa, a ba wani malami nunin fim.

Sai daga baya na zauna ni kaɗai na kalli abin da barci ya hana ni gani ina yaro. Yahuda ya ci tsere, Messala yana kwance jina-jina, amma da sauran numfashinsa ya gaya masa uwarsa da ƙanwarsa ba su mutu ba, sun kuturce a kurkuku, suna kwarin kutare. Ramuwa ta biya, ba ta kuwa warkar da kowa ba. Yahuda ya fito da ƙiyayya wadda ta fi ta dā, yanzu Roma duka ya ke so ya rushe, har Esta, wadda ke ƙaunarsa, ta gaya masa ya zama kamar Messala. Abin da ya sauke shi daga wannan hanya ba nasara ba ce. Sa'ad da a ke jansa cikin sarƙa ta Nazarat, ƙishi na neman kashe shi, wani masassaƙi ya ba shi ruwa. Shekaru bayan haka ya ga mutumin nan ɗauke da giciye, ya gane shi, ya yi ƙoƙarin rama alherin da ɗan ruwa, soja suka hana. Ya tsaya ya ji yadda ya roƙa wa masu kashe shi gafara. Masu fim ɗin ba su nuna fuskar Yesu ba ko sau ɗaya, na kuwa ga hikima cikin wannan. An yi hadiri, kutaren suka warke, Yahuda ya komo gida ba takobi a zuciyarsa.

Wannan ƙarshe yana da kyau, amma ni bai ba ni hutu ba. Fansar da ke ciki ta wanda aka zalunta ce. Shi aka koya wa ya saki. Messala fa? Ya mutu yana cizon haƙora. Mai rancen Mother India ya mutu, Crassus na Spartacus ya tafi da mulkinsa. A yawancin finafinan nan azzalumi ba shi da hanyar komowa, amfaninsa kawai ya faɗi mu yi ihu. To, wanda ya tashi da safe ya iske shi ne ya sauko daga soro ya yi shiru, ina zai bi?

Guda ɗaya na sani da ya taɓa wannan tambaya, shi ne On the Waterfront, na 1954, baƙi da fari, wanda ya ci lambar Oska 8. Marlon Brando ya fito a matsayin Terry, tsohon ɗan dambe mai aikin dako a tashar jiragen ruwa, inda 'yan daba suka mallake ƙungiyar ma'aikata. Dokar wurin ita ce kowa ya zama kurma kuma bebe. Aka aiki Terry ya kira wani saurayi mai kiwon tantabaru ya hau kan bene. Shi yana tsammani tsorata shi kawai za a yi domin kada ya ba da shaida. Aka turo saurayin daga sama ya mutu. Terry bai tura kowa ba, kira kawai ya yi, ya kuma yi shiru. Sai ga shi ya fara son Edie, 'yar'uwar mamacin. Ya je wurin Fada yana so ya sauke nauyin a asirce, Fada ya ce a'a, ga yarinyar can, je ka gaya mata. Da ya fara faɗi, sai jiniyar wani jirgi ta ɗauka, mai kallo ba ya jin kalmomin, sai fuskar yarinyar kawai ya ke gani, ta toshe kunnuwa, ta juya ta gudu. Bayan haka ya ba da shaida a gaban hukuma, aka kashe wansa tun kafin ya kai ga haka, aka karkashe tantabarunsa, aka yi masa dūkan kawo wuƙa. (Abin mamaki, Elia Kazan da ya yi wannan fim shi ne ya ba kwamitin nan na majalisa sunayen abokan aikinsa a 1952, mutane da yawa kuma suna ganin da fim ɗin ya ke wanke kansa. Wannan tsakaninsa da Mahaliccinsa. Ni dai Fadan nan ne ya hana ni barci.)

Gama ni ma na daɗe ina sauke nawa a asirce. Na roƙi gafarar Allah ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba. Na koyar da labarin Zakka a makarantar Lahadi, na bayyana wa yara cewa mutumin bai tsaya ga jin daɗin baƙuncin Yesu ba, sai da ya yi maganar mayar wa waɗanda ya cuta. Ina faɗi ina jin bakina yana ɗaci. Uwargida ce kaɗai ta sani. Ran da na gaya mata, ta daɗe ba ta ce kome ba, kāna ta ce, "Maigida, ashe gidan nan da muka zauna, kuɗin hayarsa wani ya biya."

Bara, lokacin hutun damina, na nemi labarinsa wurin wani abokin karatunsa. Aka ce yana da shagon walda a wani gari, tafiyar sa'a uku a mota. Na iske shi durƙushe yana haɗa ƙofar ƙarfe, da yaran shago biyu. Ya ɗaga baƙin gilashin da ke fuskarsa, ya gane ni nan da nan, ya miƙe ya rusuna. "A'a, Malam! Kai ne da kanka?" Ya kakkaɓe benci, ya aiki yaro ya sayo mini ruwan leda mai sanyi. Ya kashe janareta domin mu ji juna. Da ma ya bar shi yana ruri. Ni ban sami jiniyar jirgi ba, kowace kalma sai da ta fito a fili, yaran shago suna ji.

Na ce, "Ɗana, ran da aka yi jifan nan kana tare da ni a bakin tanki. An tambaye ni a kwamiti, na ce ban gani ba. Ƙarya na yi, domin ina neman gida. Na zo in roƙe ka gafara."

Ya dubi ƙasa, yana juya sandar walda a hannunsa. Ya ce, "Malam, ai na san ka sani. Abin da ban sani ba shi ne ko kana tunawa."

Ya ba ni labarin abin da ya biyo baya, ba da fushi ba, kamar mai karanta lissafi. Da takardar kora a hannu, makarantu biyu suka ƙi karɓarsa. Kuɗin jarrabawar da aka riga aka biya ya bi ruwa, mahaifiyarsa kuwa awakinta ta sayar ta biya. Mahaifinsa ya rasu bai daina ɗaukarsa mai jifan manya ba. Ya so ya karanta aikin injiniya. Ya nuna ƙofar da ke ƙasa ya yi 'yar dariya, ya ce ga shi dai yana yi, ba takarda.

Na jira in ji ya ce ya yafe. Bai ce ba, bai kuwa ce bai yafe ba. Ya ce, "Ni na riga na saba, Malam. Amma Mama har yau idan maganar ta taso sai ta ce in faɗa mata gaskiya tsakanina da Allah, ko ni na yi. Shekara goma sha ɗaya ina ce mata ba ni ba ne. In kana so ka yi wani abu, ita za ka gaya wa."

Na ce zan je. Ya ce hanyar ƙauyen ba ta biyuwa sai ruwa ya ɗauke, kuma ba za ta yarda da baƙo shi kaɗai ba, sai dai mu tafi tare. Kafin lokacin na rubuta wa hukumar tsohuwar makarantar takarda, na faɗi abin da na sani da abin da na ɓoye, na sa hannu, wannan karon a layi na fari. Na ba shi kwafi ya ajiye.

Muka tafi bayan girbi, a kan babur ɗinsa, ni a baya riƙe da ƙullin goro da turmin atamfa da uwargida ta zaɓa. Mun iske tsohuwar a tsakar gida tana ɓarzar masara. Ya ce, "Mama, ga malaminmu na dā, yana da magana." Ta share hannu a zane, ta shimfiɗa mini tabarma, ta aika a kira ƙanen mijinta da wani dattijon ekklesiyarsu, ta ce maganar da ta shafi sunan ɗanta ba za ta ji ita kaɗai ba. Muka zauna muna jiransu.